Shekarun Ruwan Indu Rintuh

Indu Rintuh, wato uwar Rintuh a yarenmu, maƙwabciyata ce a bakin kogin Sebangau, mace mai tambayar tsiya. Ko kifi ta kama sai ta farke cikinsa ta ga me ya ci. Mijinta ya rasu ya bar mata wata siririyar magudana da ya haƙa da hannunsa har cikin kurmi. Ta nan take tura kwalekwale zuwa tatsar roba, da ita take ci take sha.

Da Tresia, wata malamar jami'a, ta zo neman mai ɗebar mata ruwa a kwalabe, Indu ce ta fara miƙa hannu, ta kuma hana baiwar Allah sakat da tambaya. Tresia ta ce kabon ne ya rina ruwanmu ya zama kamar shayi, wato narkakken ganye da itace, kuma akwai wani irinsa da ke raguwa da tsufa, da shi na'ura ke gane shekaru. In na ganyen bana ne, lafiya lau. In tsoho ne, to magudanar na tsotse ƙasar kurmi, tana busar da ita har gobara ta samu abin ci, dole a datse ta.

Undeng, ƙanin mijinta, ya same ta tana wanke kwalabe.

"Matar yaya, ki ɗebi na randa ki jefa ganyen shayi mana. Wa zai gane?"

"Sai a gaya min shekarun shayi? Ai jiya na saye shi."

Ta shiga can ƙuryar magudanar ta cika kwalbarta. Ni kam haushi ta ba ni, don na san ba gaskiya ce ta dame ta ba, son sani ne kawai.

Bayan watanni Tresia ta dawo da amsa: kusan shekara dubu uku. Muka ɗauka Indu kuka za ta yi. Ashe tambaya take haɗawa. Wane irin itace ne? Akwai mutane a nan lokacin? Su ma suna cin kifi? Tresia ta rasa rabin amsoshin.

Ranar datsewa maza suka zo da turaku suna gardamar wurin kafawa. Indu ta shiga ruwan har ƙugu ta tsaya.

"Nan baban Rintuh ya fara sara. Ku fara daga nan."

Ita ta riƙe musu turken farko, hawaye na zuba, ba hannun sharewa.