Koren Babur Ɗin da Baba Ndagi Bai Ba Mu Labarinsa Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Ndagi, bakanike, kuma na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron in rubuta abin da ba haka yake ba a kan wanda ba zai iya gyara mini ba. Amma yanzu lokaci ya ƙure, dole na rubuta.

Baba Ndagi mutumin Bida ne, a Minna ya yi rayuwarsa. Bayan garejinsa, kusa da shagona, akwai rumfar kwano inda ya tara tsofaffin babura. Ba na sayarwa ba ne. In tsoho ya rasu ya bar babur ɗin da 'ya'ya ke jin kunyar hawa, sai a kawo wa Baba. Ya wanke, ya gyara, ya jera. Kowa na iya shiga ya kalla kyauta, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari: wannan na malamin gona ne daga Maikunkele, waccan ƙaramar roba-robar ita ce ta yi ta kai doya kasuwar Paiko har mai ita ya gina gida. Kowace Juma'a da safe yakan tayar da su duka, wai inji in ya yi dogon barci ba ya farkawa.

Ni ban taɓa tuƙa babur ba, tsoro nake ji. Tsumma kawai nake riƙe masa. Yakan ce, "Malam Isa, kai ne kaɗai mai gadin da na tabbata ba zai gudu da kaya ba." Da ya rasu, ba wanda ya sa ni, na ci gaba da buɗe rumfar. Na koyi wanke filogi, na koyi tayarwa, ina maimaita wa baƙi labaran yadda na ji su, ba na ƙara ko kalma.

Babur ɗaya ne ba shi da labari. Kore ne, an rage masa tsayin kujera. An cire giyarsa daga ƙafa an mayar da ita hannu, da sandar ƙarfe mai kan katako a gefen tanki. Tayar baya an rufe ta da raga, sannan akwai ƙaramin akwatin ƙarfe da aka shimfiɗa wa soso a ciki. Sau da yawa na tambayi Baba, amsarsa ɗaya: "Wannan amana ce, goge shi kawai." Wannan kalma ce ta riƙe mini hannu duk shekarun nan. Ko tambayar da nake yi tona amana ce? Har yau ban sani ba.

A bana, Usman, babban ɗan Baba Ndagi, ya zo ya zauna a shagona. Ya ce, "Kawu, ƙannena sun girma, muna bukatar ɗakuna. Da damina ta wuce za mu rushe rumfar." Ban ga laifinsa ba, ya yi haƙuri sosai. Muka yarda kowane babur a mayar wa zuriyar mai shi, kuma yawancinsu mun samo su. Koren nan kuwa, in ba a san na waye ba, 'yan gwangwan ne za su ɗora shi a sikeli.

Shi ya sa na shiga yawo da hotonsa a waya, ni da ba na son nisa da gida. A majalisar 'yan acaba ta Maikunkele wani dattijo ya rantse na tsohon soja ne da ya rasa ƙafa. Na kusa da shi ya ce, "Kai dai ka cika ƙarya, mai ƙafa ɗaya da me zai tayar?" Suka kaure da musu, suka manta da ni. Na je wurin samarin nan masu manyan babura da ke taruwa ran Lahadi a hanyar Zungeru. Na zaci za su yi mini dariya, sai ga su sun rufu a kan hoton, ɗaya yana cewa, "Baba, wannan ai ya fi nawa wayo!" Na yi ta tunanin me Baba Ndagi zai ce da su, da hulunan kwanonsu masu kyamara. Ina jin zai so su. Wanda zai dame shi shi ne babur mai caji, wanda ke wucewa shiru, domin shi da kunne yake gane cutar inji.

A Paiko, wata mai tuwo, Mama Talatu, ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da dariya. "Ku maza dai! Wa ke sa wa taya raga in ba mai ɗaura zane ba?" Ta ce tana ƙarama an sha ba ta labarin wata mata da ke zuwa ƙauyukansu a kan babur tana karɓar haihuwa. Ba ta san sunanta ba, ba ta san launin babur ɗin ba. Tun ranar nake buɗe akwatin nan ina kallon soson, ina tambayar kaina me ya kwanta a kansa. Duk da haka ba zan gaya wa baƙo zato a matsayin labari ba. Abin da Baba ya bar mini ke nan, ba ƙarafa ba: kada a raba abu da sunan mai shi, kada kuma a liƙa masa na wani.

Allah ya jiƙan Baba Ndagi, ya yafe mini in na wuce iyaka. Roƙona ga masu karatu, musamman dattawan Paiko, Maikunkele da Zungeru: wanda ya taɓa ganin koren babur mai giyar hannu, ko aka ce masa ranar haihuwarsa wata ta zo a kan irinsa, don Allah ya sanar da editan wannan shafi. Ko sunan ƙauye ne ya isa, zan je. Ruwan damina ya fara ja baya. Juma'ar da ta wuce na tayar da koren babur ɗin, bugu ɗaya ya amsa.