Lekol ɗin Lina da Buron Dakoro

Har yau ban manta da safiyar da Madam Elen ta kira ni ofishinta ta aje mini takardun makarantu uku a kan tebur ba. Lokacin ina sakatare a wani proje mai tallafa wa lekol na ɗiyan makiyaya. Buronmu, wato ofishinmu, yana Dakoro, ma'aikatanmu suna fita kowane wata zuwa Tagriss da Bader Goula su duba malamai da abincin rana da ake dafa wa yara. Madam Elen Baturiya ce, ita aka turo ta shugabance mu, kuma ta zo da ɗiyarta Lina mai shekara shida.

Damina ta kusa ƙarewa, ana shirin buɗe lekol. Ta ce mini, "Isufu, Lina ta isa shiga aji. Ka duba mini waɗannan, ka faɗa mini wadda ta fi."

Ga wanda bai sani ba, irin waɗannan makarantu na ɗiyan baƙi ne. Suna bin tsarin karatun ƙasashen Turai, don in iyaye suka koma gida yaro ya ci gaba ba tare da ya maimaita aji ba. Biyu suna Yamai, ɗaya tana wata ƙasa maƙwabciya.

Na yi aikin da zuciya ɗaya. Na buga waya kowace makaranta na tambayi harshen da ake koyarwa da shi, da yawan yara a aji, da ko akwai ɗakin shan magani, da ko motar makaranta tana ɗaukar yara daga gida. Na jera komai a takarda guda. Ina son Lina. Kullum da la'asar tana gidana suna wasa da ɗiyata Hadiza, har Hausa ta zauna a bakinta fiye da na uwarta.

Da na kai mata takardar sai na yi ƙarfin hali na ce, "Madam, ko za ki leƙa lekol ɗin su Hadiza? Direktan, Mushe Habu, malami ne na gaske."

Ta yarda, muka je a makon da aka buɗe lekol. Mushe Habu (Mushe muke ce wa malamin lekol) ya sa aka share fili, ya aro benci daga aji na shida ya kai ajin farko, wanda rumfar kara ce. Madam ta zauna a baya, ta saurari karatu, ta tafa wa yara. Da muka shiga mota ta ce, "Isufu, lekol ce mai kyau ƙwarai ga yaran nan."

Iliya, shofer ɗinmu, ya dube ni ta madubi.

Ban ga laifinta don ta zaɓi ɗaya daga cikin na Yamai ba. Kowace uwa tana da wannan damar. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai.

Bayan mako biyu ta ba ni wasiƙa da ta rubuta da hannu, ta ce in buga a inji za a aika wa hedikwatarmu a Turai. A tsarinmu, shugaban proje ne kaɗai ke iya neman a sauya wurin buro, hedikwata kuma ba ta cika musa wa wanda ke ƙasa ba. Wasiƙar ta ce a maida babban buro Yamai, a bar mutum biyu kawai a Dakoro. Dalilai uku ta kawo: kusanci da ma'aikatun gwamnati, lalacewar hanya, da katsewar wuta. Duk gaskiya ne. Amma shekara guda muka yi da ita a kan wannan hanyar da wannan wutar, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Na gama bugawa na kai mata. Na ce, "Madam, ban ga maganar lekol ɗin Lina a ciki ba."

Fuskarta ta yi ja. Ta ce, "Wannan maganar gida ce, ba ta aiki ba."

Ta sa hannu, ni kuma na buga hatimi.

Hedikwata ta amince. Ni aka bari, saboda ni na san takardu, da mai gadi. Sauran an sallame su, kuma ni aka ɗora wa miƙa musu takardun sallama, don Madam ta riga ta tafi Yamai neman gida kusa da makarantar. Da na miƙa wa Iliya tasa, bai buɗe ba. Ya ce, "Malam Isufu, kai ka buga ta?" Na ce ni ne. Ya aje makullin mota a teburina ya fita. Har yau in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa, amma bai sake shan shayi da ni ba.

Zagayen da ake yi kowane wata ya koma sai an samu dama. Wata lekol da ke bayan Bader Goula ta yi watanni babu hatsin dafuwa, don babu mai zuwa ya sa hannu a takardar fitar da shi. Da na samu zuwa, malamin ya ce mini iyaye sun kwashe yawancin yaran sun bi dabbobi arewa. A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa makiyaya ba su damu da karatu ba. Shi ma ni na buga shi.

Madam ta aiko mini da hoton Lina sanye da kayan makaranta, tana dariya. Hadiza ta karɓe shi ta sa cikin littafinta.

Ku da kuka shigo wannan aiki yanzu, za a koya muku karanta kwangila da tsarin proje. Ku karanta. Amma a aikinmu, dalilin da aka rubuta a takarda ba kullum shi ne ya haifi takardar ba. Ni dai tun daga lokacin, duk sabon shugaban da aka turo mana, ba na tambayar digirinsa. Shekarun 'ya'yansa nake fara tambaya.