Ranar da Marlys Ta Shiga Fili

Marlys Unruh ta kusa tsufa a bakin fili, amma ba ta taɓa kallon wasa ba. Idan aka yi karo, ƙarti suka zube kan juna, idon kowa yana bin ƙwallo, nata kuwa yana kan waɗanda aka bari a ƙasa. Wa ya tashi, wa ya tashi yana layi, wa bai tashi ba. Aikinta ke nan a ƙaramar kwalejinmu ta nan Kansas, kula da jikin 'yan wasan ƙwallon Amurka, wadda ake rungume ƙwallo a ruga ana karo. Ni kuma, Verna, ni ke wanke musu kaya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da ɗakin wankina, kuma bangon ba shi da kauri, don haka duk abin da ake yi a can ina ji.

Da safe layi suke yi mata. Kowa ya hau tebur ya miƙo ƙafa, ta naɗe masa idon sawu da farar filasta, tana yankewa da haƙori. Ɗakin kullum warin man zafi da gumi.

"Mama Marlys, a hankali mana, ƙafa ce fa ba katako ba."

"Da katako ce ai da ba ta wari haka. Yaushe rabonka da sake safa?"

"Ki tambayi Anti Verna."

Sai in ɗaga murya daga bayan bango in ce ni abin da aka jefo kwando nake wankewa, ba na bin mutum ɗaki in cire masa.

Gajera ce, da gwiwa ɗaya da ta lalace tun tana budurwa, amma duk girman yaro idan ta ce zauna sai ya zauna. Sun ɗauka ba ta da tsoro. Ni kaɗai na san gaskiya. Duk Asabar ɗin da za a yi wasa ba ta iya sa komai a baki, wani lokaci ma a ɗakin wankina take amai, ta wanke fuska, ta fita tana yi musu tsiya.

Lahadi bayan coci mukan ɗauki tsohuwar motarta mu tafi dam kamun tarwaɗa. Hutunta ke nan a duniya. Ko a can wayarta tana kan cinya cikin ledar burodi don kar ta jiƙe, kuma da ta yi ƙara sai ta ajiye sandar ƙugiya ta duba. A can ta taɓa faɗa mini abin da take tsoro.

"Karaya ba ta dame ni ba, ƙawa. Ƙashi yana haɗewa. Kai ne abin tsoro. In ƙwaƙwalwa ta girgiza, ba ta warke ba aka sake bugunta, yaro zai iya tashi da ƙafarsa ya zo benci, yana yi miki magana, sai ya sulale. Shi ke nan."

Shi ya sa masu irin aikinta suke da al'ada. Ba a shiga fili ba hular kwano, to idan suka ga yaro ya bugu a ka, ba sa tsayawa musu da shi. Hularsa suke ɗaukewa su ɓoye.

Wasan ƙarshe na shekara ne, cikin Nuwamba, da rana tsaka, iska mai sanyi tana kaɗawa. Idan muka ci za mu shiga gasar yanki, abin da garinmu ya daɗe bai gani ba. Har shagunan kan babban titi an rufe. Dalton Friesen shi ne ƙarfinmu, shi ake miƙa wa ƙwallo ya ratsa mutane da gudu. Shekararsa ta ƙarshe ce, kuma an ce wani mai neman 'yan wasa ya zo musamman dominsa. Mahaifinsa yana zaune a sahun farko, daf da bayan bencinmu.

Wasa ya kusa ƙarewa, ana gabanmu da kaɗan, aka yi wa Dalton karo kai da kai. Ƙarar har inda nake tsaye da kwandon tawul na ji ta, kamar an fasa kwakwa. Ya tashi, ya nufi bencin abokan hamayya, sai da wani ya juyo da shi.

Marlys ta zaunar da shi ta durƙusa gabansa.

"Ɗana, da wa muke wasa yau?"

Ya faɗi sunan waɗanda muka buga da su makon jiya.

"Me ka ci da safe?"

"Mama, lafiyata ƙalau. Nawa da nawa ne?"

Ta gaya masa. Kafin ta gama haska masa ido ya sake tambaya nawa da nawa ne. Ta sa hannu ta ɗauke hular daga gefensa, ta zo wurina.

"Verna, binne wannan, ki zauna a kai. Ko shugaban kwaleji ne ya ce ki tashi, kar ki tashi."

Na tura hular ƙasan jiƙaƙƙun tawul, na rufe kwandon, na zauna. Ta je ta gaya wa Koci Haskins cewa Dalton ya gama wasa yau. Koci bai ko juyo ba, ya ce ya ji. Ana haka wani yaro ya faɗi riƙe da gwiwa a can ƙarshen benci, ta ɗingisa ta tafi wurinsa.

Dalton ya zo ya tsaya kaina. Ban taɓa jin tsoron ɗaya daga cikinsu ba sai ran nan. Idonsa yana kallona amma kamar ba ni yake gani ba.

"Anti Verna, tashi."

"Ba zan iya ba, Dalton."

"Don Allah, Anti. Ba ni da wata Asabar bayan wannan."

Daga bayana mahaifinsa ya leƙo ta saman shinge. "Ke mai wanki, ba shi hularsa. Wanki aka ɗauke ki ko likitanci?"

Na riƙe bakin kwandon da hannu biyu. Dalton ya juya, na ɗauka ya haƙura. Ashe wurin wani ɗan shekarar farko ya nufa. Ya fizge tasa hular ya kifa a kai, ko igiyar bai ɗaure ba, ya ruga cikin fili. Koci ya gan shi. Da idona na ga ya gan shi, sai ya sunkuyar da kai yana gyara abin maganar da ke kunnensa.

Na kira sunan Marlys har muryata ta fashe.

Ta ɗago, ta dubi benci, ta dubi fili. An riga an jeru, sahu biyu a durƙushe suna fuskantar juna, kowane mutum ya yi ukunta. Da zarar an saki ƙwallo za su haɗu kamar motoci. Dalton yana tsaye a bayansu, kuma kowa a filin ya san shi za a miƙa wa.

Marlys ta shiga. Mace mai furfura, tana jan ƙafa, almakashi da filasta suna zuba daga jakar ƙugunta. Alƙalin wasa yana kallon ɗaya gefen. Na rufe ido, na kasa, na buɗe. Usur da sakin ƙwallo tare suka zo. Wani ƙato da ya riga ya taso ya kasa tsayawa, ya kwashe ta. Na ga takalminta sama.

Filin ya yi tsit. Da aka janye mutane, tana kwance a ciyawa, kafaɗarta ta karye, fuskarta ta yi fari fat, amma ɗaya hannun yana damƙe da rigar Dalton, ta naɗe ta a yatsu. Sai da na je na ce mata, "Ƙawa, an tsayar da wasa, ga shi nan zaune," sannan ta saki.

An hukunta mu saboda shigarta, aka mai da mu baya. Lokaci ya ƙare, muka sha kashi. Mota ɗaya ta kai su asibiti ita da Dalton. An yi masa hoton kai ba a ga jini ba, likita ya ce ya huta kawai. Wannan magana ce ta zagaye gari: ba a ga komai ba.

Bayan nan ta sha wuya. Ana kiran wayarta a yi shiru, ana jin numfashi. An fasa mata tayoyi a gaban coci. Mahaifin Dalton ya yi fakin a ƙofar gidanta wata yamma, bai fito ba, bai tafi ba, sai da na zo na ɗauke ta ta ƙofar baya. Duk lokacin sanyin nan a gidana ta kwana, a kan kujera, don kafaɗar ba ta barin ta miƙe. Ko maƙwabci ya rufe ƙofar mota sai ta zabura. Da shekara ta ƙare kwaleji ta gode mata, ba ta sabunta aikinta ba. Ta koma gidan tsofaffi tana koya wa masu shanyewar jiki tafiya. A nan ta zauna shekaru har ciwon daji ya kama ta bara.

Tana kwance ta rame kamar tsinke ta tambaye ni, "Verna, in da ma ba abin da zai same shi fa?"

Na ce ban sani ba. Ba wanda ya sani. Ban iya yi mata ƙarya ba, don da ta gane.

Mako biyu kafin ta rasu ta ce in fita da ita. Na ɗauka dam take so, sai ta ce in bi hanyar garin Salina. Dalton yana aiki a can, wurin sayar da injinan noma. Bai sake yi mata magana ba tun ranar nan. Na tsaya a tsallaken titi ban kashe mota ba. Can sai ga shi ya fito, ya yi ƙiba, gashin gabansa ya fara zubewa, yana nuna wa wani manomi tayar tarakta, suna dariya. Ta manna goshi a gilashi tana kallonsa, numfashinta yana yin hazo tana gogewa da hannun riga. Ta daɗe a haka.

Sai ya ɗago kai ya dubo titi. Ta zame ƙasa cikin kujera, ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau.

"Ya isa, ƙawa. Mu tafi kar ya gan mu."