Hannun Baba Mai Guga

Ni ce gawa ta biyu a fim ɗin da aka yi a gidanmu, don haka babu wanda zai gaya mini yadda abin ya faru. Awa biyu na yi kwance a gindin famfo, kiyashi na yawo a wuyana, ban motsa ba sai sau ɗaya. Amma ba labarina zan bayar ba, na Baba Mai Guga ne.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna tara, famfo ɗaya, da igiyoyin shanya uku da ba a taɓa daina rigima a kansu ba. Ɗaki na farko, wanda ƙofarsa ke kallon titi, nan Baba yake wanki da guga shekara talatin da ɗaya. Na tare a gidan na same shi a wurin. Yau 'yata ta fari tana jami'a, teburinsa bai matsa ko taku ɗaya ba. Bargo ne shimfiɗe a kai, da farin zane a kan bargon, sai dutsen guga na gawayi wanda ni ba na iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ɗansa ya taɓa sayo masa na lantarki. Da shi yake tokare ƙofa.

Mutum ne marar surutu, amma ba abin da kaya ba sa gaya masa. Ya san wanda ya fara shan taba a ɓoye, ya san wanda aka kora daga aiki yake ci gaba da fita da safe don kada iyali su gane. Bai taɓa kwarmata wa kowa ba. Doka ɗaya gare shi wadda duk titin ya sani: riga ba ta barin teburinsa sai an ɓalla maɓallanta duka, daga wuya zuwa ƙasa, sannan a ninke hannayen baya. In kana sauri ka ce ya ba ka haka nan, sai ya dube ka ya ci gaba da ɓallawa.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. In ya riƙe dutsen guga, nauyin yana danne rawar, karin guga ya fito a miƙe yadda aka saba. Maɓalli ne ya zame masa aiki. Ni na fara lura, ranar da na ga ya ɗauki lokacin da zan iya dafa shayi yana fama da ramin maɓallin wuya guda. Daga nan, in na taso daga makarantar da nake koyarwa, sai in tsaya gaisuwa a ƙarshen teburin, ina zuba ina ɓalla masa. Bai taɓa cewa ya gode ba, ni ma ban taɓa cewa na gani ba. Abin da na sani kawai, kayana sun daina bin layi.

Dalilin ɓoyon kuwa ɗansa ne, wanda ake kira Injiniya saboda gyaran janareta. Ya gina gida a can ƙarshen gari, ya ware wa Baba ɗaki da fanka da talabijin. Baba ya je ya gani sau ɗaya, ya dawo ya ce mini ɗakin jiran mutuwa ne da labule mai kyau. Da Injiniya ya gaji da lallashi, sai ya ce, "To Baba, ran da hannunka ya gaza, ranar zan zo da mota." Baba ya yarda, don a lokacin hannun lafiya lau yake.

Ana cikin haka ƙanen mai gidanmu, wanda hoton fasfo yake ɗauka a shago, ya tashi da haukar fim. Tun kafin ya ɗauki komai muka sa masa Darakta. Kyamara ɗaya gare shi da fitila biyu, ɗayar ba ta kamawa sai an mare ta. Labarin da ya rubuta na gidan haya ne da ake ta kashe 'yan hayar ɗaya bayan ɗaya, kowace gawa sai a wayi gari a tarar da rigarta a goge, a ninke a bakin ƙofa. Su kuma sauran maƙwabtan, tsakanin jana'iza da jana'iza, suna ta faɗa a kan wanda zai gaji igiyar mamaci. Ban san inda ya samo wannan ba, in ji shi ƙirƙira ce.

Ranar rabon matsayi babu wanda ya so ya zama makashin, amma kowa ya zo da sunan wanda ya kamata a fara kashewa. Aka kaɗa ƙuri'a, mai gida ya lashe da gagarumin rinjaye. Ni na zo ta biyu, wai don ni nake sa wa famfo kwaɗo. Raina ya ɓaci sosai, har sai da Darakta ya rantse mini gawa ta biyu ta fi daɗewa a allo. Makashin kuwa Mai Kemis na ɗaki na shida aka ba, saboda fuskarsa ta mutanen kirki ce.

Baba bai nemi komai ba, teburinsa kawai aka ara. Amma da ya ga jinin da aka haɗa, jar kala da sukari da ruwa, ya kasa haƙuri.

"Wannan ba jini ba ne," ya ce. "Jini in ya kwana a farin yadi ruwan ƙasa yake komawa, bakinsa ya yi tauri. Kuma wanda ya yi tsartuwa daban yake da wanda ya ɗiga."

Telan ɗaki na uku ya ja kujerarsa baya a hankali.

"Kayan mahauta da na asibiti na wanke shekara goma," in ji Baba, ya koma hura gawayinsa.

Aka ƙara garin kofi a jinin. Kiyashin da suka cije ni dai ba su nuna bambanci ba.

Ranar da aka kashe ni, a ranar aka ɗauki gugar rigata. Na tashi daga gindin famfo, jini na danƙo a wuyana, na tsaya bakin ɗakin Baba ina kallo. Mai Kemis ya kama dutsen guga da hannu biyu, ya yi wa hannun riga kari biyu, ɗaya na neman gabas ɗaya na neman yamma. Ya dunƙule ta ya ajiye, ko maɓalli ɗaya bai ɓalla ba.

"Ya yi," in ji Darakta. "Ba wanda zai lura."

"A teburina?" in ji Baba.

"Baba, fim ne."

"Duk wanda ya taɓa bin titin nan ya san teburin nan. Za a ce daga nan wannan abu ya fito."

Darakta ya sosa ƙeya, sai dabara ta faɗo masa. Ya ce a sa wa Baba rigar makashin, a ɗauki hannayensa kawai, kusa-kusa, daga guga har maɓalli har ninki. Fuska ta Mai Kemis, hannu na Baba.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Baba, ka bar su da shirmensu. Injiniya zai kalla."

"Na sani, Malama."

"To ka goge, ni in ɓalla."

Ya dubi hannayena da suka sha jar kala. "Gawa ce za ta ɓalla wa kanta maɓalli?"

Ya zura rigar makashin, ya yayyafa wa tawa ruwa, ya kashe karin nan biyu na Mai Kemis, ya fitar da guda ɗaya. Sannan ya ajiye dutsen guga. Maɓalli bakwai ne a rigar. Fitila na haska shi, kyamara kamar za ta taɓa yatsunsa, hannun ya shiga rawa fiye da yadda na taɓa gani. Na wuya ya kuɓuce masa sau uku. Bai ɗaga kai ba, bai yi sauri ba, bai nemi ɓoye hannun a bayan ɗayan ba. Ni na kau da kai a na huɗu, don ƙwalla ta cika mini ido, haushinsa kuma nake ji. Da na waigo ya ninke hannayen baya, ya shafa ƙirjin rigar sau ɗaya.

Darakta ya sauke kyamara yana haki. "Baba, ina ka koyi wasan kwaikwayo? Makashi, hannunsa na rawa, amma sai ya gama aikinsa. Wallahi ko ni ban yi tunanin wannan ba."

"Sai ka rubuta ka ajiye," in ji Baba.

Wata Asabar da rana aka nuna fim ɗin a ajin da nake koyarwa, aka toshe tagogi da barguna. Mutane sun yi dariya har da riƙe ciki. Gawar mai gida tumbinta na hawa yana sauka. Tawa ta sosa ƙafa. Ana cikin ihu sai hannayen suka cika allo, dariya ta ɗauke. Darakta bai yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. Wata mata a bayana ta ce tsikar jikinta ta tashi. Ni Injiniya nake kallo, yana zaune kusa da ubansa a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Bai yi tafi ba. Da aka buɗe tagogi ya gaishe da Baba ya tafi.

Washegari da safe ina ɗibar ruwa na ji tsayuwar mota. Na bar bokiti yana ambaliya, ni da nake sa wa famfo kwaɗo, na leƙa. Baba na tsaye a teburinsa, riguna biyar a rataye suna jiran maɓalli.

"Na zo da mota, Baba."

"Na ji ta."

"Tun yaushe hannun yake rawa?"

"Tun bara."

"Maɓalli bakwai, minti huɗu. Na duba agogo."

"Nawa ne bai shiga ba?"

Injiniya ya dubi rigunan da ke rataye.

"Karin ya karkace?" in ji Baba.

"Bai karkace ba."

"To ka ga hannun, ka ga rigar. Ban ɓoye maka ko ɗaya ba. In ka ce in shiga mota zan shiga, ni na yi alkawari."

Ya faɗa yana kallon ɗansa ido cikin ido, hannun na rawa a kan bargo, a fili. Injiniya ya daɗe a tsaye yana juya makullin mota. Sai ya jefa shi a aljihu, ya wuce ni ya je famfo, ya ɗauki sabulun wani ba tambaya, ya wanke baƙin man da ke farcensa har sau uku. Ya dawo ya tsaya a ƙarshen teburin, daidai inda nake tsayawa, ya sauko da riga ta farko.

"Daga wuya ake farawa," in ji Baba.

Yanzu kullum kafin ya buɗe shagonsa sai ya biyo, ya yi rabin awa. Har yau ba shi da sauri, kuma Baba bai daina gyara masa ba. Fim ɗin bai je ko'ina ba, mutum ɗari uku suka kalla a waya, rabinsu dangin Darakta. Ni kuwa an sallame ni daga aikin maɓalli ba ko sanarwa, na ji zafin abin fiye da yadda na zata. Ranar Litinin na kai kayana, Baba ya karɓa, ya sa su a ƙarshen layi.