Tafiretar Akawu da Sandar Hedimasta

Akawu bai taɓa buga kalmar alheri ba a tsawon aikinsa, kuma ko a jikinsa. Tun yana saurayi yake zama a gindin bishiyar ƙofar kotu, da teburi mai gurguwar ƙafa da wata baƙar tafireta, yana buga wa mutane takardun koke. Wanda aka ci wa iyakar gona, wadda aka hana gado, wanda aka kora daga aiki, duk gabansa suke zuwa. Ƙa'idarsa guda ce: duk layin da ya buga sai ya karanta shi da ƙarfi, mai ƙara ya ce haka ne ko ba haka ba. In mutum ya gyaɗa kai, Akawu sai ya fara hamma. In kuwa ya zabura ya ce, "A'a, abin ya fi haka muni!" to a nan yatsunsa ke kama wuta.

Da shagunan kwamfuta suka cika titin, ya naɗe tabarmarsa ya koma gida da tafiretar a ka. 'Yarsa ta sayo masa kwamfuta ƙarama, ya taɓa ta sau ɗaya ya ture, ya ce shi ba ya hulɗa da abin da za ka doka ya kasa ramawa. Tsohuwar tasa kuwa yana yi mata hidimar da bai yi wa kansa ba. Yakan goge haruffanta da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata man keken ɗinki, in zaren tawadarta ya bushe ya shafa masa tawadar hatimi da yatsa.

Bayan rasuwar matarsa ya ƙudurta zai rubuta labarinta, saboda jikokin da suka taso ba su san ko muryarta ba. Kuma ba shi da lokacin ɓatawa. Gaɓoɓin yatsunsa sun fara kumbura, likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa abin gaba zai yi, ba baya ba.

Matsalar ita ce ɗakin da ke jikin nasa. A gidan hayar nan, bango ɗaya siriri ne tsakaninsa da Hedimasta, yayan marigayiyar. Ita ce ta nemo wa yayan nata ɗakin bayan ya yi ritaya, ta rasu ta bar su kamar zakaru biyu a akurki ɗaya. Ba sa ga maciji tun ranar da Akawu ya je neman aure, Hedimasta ya dube shi sama da ƙasa ya ce ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai ofis a gindin bishiya.

Hali zanen dutse. Akawu na bugawa yana karantawa da ƙarfi, kamar har yanzu akwai mai ƙara a gabansa.

"Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa ɗaga murya ba."

Sai sanda ta sauka a bango, gum!

"Ƙarya kake! Ƙanwata Auta ce ba ta ɗaga murya? Wa ya jefe ka da murfin tukunya har ka kwana biyu da kumburin goshi?"

"Da kai nake magana, tsohon banza? Je ka nemi 'yan makarantar da za ka zana!"

Amma sai ya zare takardar a fusace, ya sa sabuwa, ya buga labarin murfin tukunyar tun daga farko, don ya nuna wa wancan jahilin cewa laifin tukunyar ne. Kafin azahar ya cika shafuka. Haka suka yi ta yi wata da watanni, tafireta na kakat-kakat, sanda na gum-gum, maƙwabta na tsinuwa, takardu kuwa na taruwa a cikin kwali.

Ranar da Hedimasta ya ce ta bango, "Da ta auri mutumin kirki da yanzu tana raye," Akawu ya jawo tafiretarsa. Ya sa takarda da kabon, ya buga wa mai gidan hayar takardar koke. Sana'arsa ce, kuma bai taɓa yin wanda ya kai wannan kyau ba. Ya ambaci tsagewar bango, da hawan jinin maƙwabta, da jaririn da ke firgita. Mai gida ya karanta, gumi ya karyo masa. Kafin ƙarshen mako an kwashe kayan Hedimasta zuwa ɗakin ƙurya, can bayan famfo. Akawu ya tsaya a ƙofarsa da kofin shayi yana kallon ana wucewa da katifa, daɗi kamar ya kashe shi.

Ɗakin ya koma hannun wata ma'aikaciyar jinya mai ladabi. Washegari Akawu ya zauna da sassafe, ya murɗa takarda, ya buga, ya karanta:

"Ta iya tarbar baƙi."

Shiru. Ya sake karantawa da ƙarfi. Can sai murya mai taushi ta ce, "Allah sarki, Baba. Allah ya jiƙanta."

Ya dubi layin, ya ga ba shi da abin ƙarawa. Ya goge haruffa, ya ɗiga mai, ya canza wa teburi wuri. Ya zargi takardar, ya zargi shayin, ya zargi yarinyar da ladabinta mai sa ciwon kai. Makonni suka wuce takarda ɗaya na naɗe a tafireta har ta lanƙwashe. Yatsu kuwa ba su jira shi ba, ɗan ƙaramin na hagu ya daina lanƙwasuwa gaba ɗaya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa labarin zai tsaya a rabi, jikoki su san ta da jifa da murfin tukunya kawai. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, kuma ya sani.

Neman gafara dai ba ya cikin tsarinsa. Wata safiya ya kinkimi tafiretar yana nishi, ya ratsa tsakar gida ta cikin igiyoyin shanya, ya dasa teburinsa daidai ƙarƙashin tagar Hedimasta. Matan da ke wanki a famfo suka dakata.

Ya buga, ya ɗaga murya: "Ba ta da wani ɗan'uwa na kirki."

Labule ya motsa. Hedimasta ya leƙo, ya dube shi ta saman tabarau, ya yi wani murmushin mugunta.

"Na ji shiru kwana biyu, Akawun gindin bishiya. Man ya ƙare ne? Yi ta haushinka. Ko tari ba zan yi maka ba."

Ya saki labulen. Akawu ya ce ta fi son shuɗi, alhali duniya ta san kore take so. Shiru. Ya ce shi ya koya mata karatu. Wani abu ya faɗi a cikin ɗakin, amma bakin bai buɗe ba. Tsohon ya gano lagonsa, yana kashe shi da shiru.

Rana ta take. Ƙarairayin Akawu suka ƙare, ba abin da ya rage masa sai babin da yake ta gudu tun farko. Ya ɗora kumburarrun yatsunsa, ya buga a hankali, ya karanta, wannan karon da haushi na gaskiya:

"A kwanakinta na ƙarshe a asibiti tana ta kallon ƙofa tana tambayar yayanta. Bai zo ba."

Tagar ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango.

"Ƙarya kake! Ƙarya kake, azzalumi! Kullum ina can a kan bencin barandar asibitin, tun safe har a kore mu. Kai ne ka kafe a bakin gadon kamar an dasa ka. Na rantse ba zan shiga in same ka ba, ina jira ka fita ko sau ɗaya. Ba ka fita ba!"

Famfo na zuba a bokitin da ya riga ya cika, ba wadda ta kula. Akawu ya daɗe yana kallon haruffa. Ya tuna bencin, ya tuna ya taɓa hango wata hula da ya sani ta gilashin ƙofa, ya kau da kai.

Ya ja hanci, ya tura kan tafiretar ya koma farkon layi.

"Maimaita," ya ce, bai ɗago ba. "A hankali. Yatsuna ba kamar da ba."

"Ka rubuta yadda na faɗa, ban da ƙari."

"Kai za ka koya mini aikina?"

Hedimasta ya jawo kujera bakin taga, ya ɗora sandarsa a cinya inda hannu zai kai.

"Rubuta," ya ce. "Kuma kore take so, jahili."