Rabin Ƙarfen Sammani

Ran kasuwar Makoda, a shekarar da gero ya gagari talaka, wani dogon baƙo yana tsugune gaban ƙwaryar Hure mai fura. Tsohuwar rigar sojan Faransa ce a jikinsa. In ya gutsuri fura, sai ya tara tafinsa ƙarƙashin haɓa kada ɓarɓashi ya faɗi.

Ya ciro laya daga wuyansa ya kwance. Ba rubutu a ciki, sai rabin ƙarfe mai lamba.

"Na abokina ne, Sammani ɗan Larai," in ji shi. "Fatauci ya kai shi Damagaram, aka ɗebe mu soja, Jamusawa suka tsare mu a sansani. Can in mutum ya rasu, karya ƙarfen shaidarsa na soja ake yi, a binne shi da rabi, a kai wa danginsa rabi. Inna, kin san gidansu?"

Hure ta sani. Larai ce tsohuwar da har yau take hana a zuba kaya a ɗakin ɗanta.

"Bayan kukar can, malam. Tana ciki."

Baƙon ya daɗe yana duban kukar. Hure tana ganin ba yau ya fara jin wannan kwatance ba. Wataƙila tsohuwar yake tausaya wa, wataƙila kansa, don ran da ya miƙa ƙarfen, shi ke nan ya rabu da Sammani.

Ya mai da layar wuyansa, ya bi hanyar Ɗambatta, kukar tana bayansa.