Takardar Gonar Mairo a Kwamfutar Labo

Shagon Labo na jingine da nawa a bakin kasuwar Gidan Rumji. Ni tela ne, shi mai buga takardu. Bangon kwano ne tsakaninmu, ko tari ya yi ina ji.

Labo bai gama lakol ba, wato makarantar boko, amma ya yi shekara bakwai a wani buro, ofishin buga takardu, a Maradi. Da aka rufe buron ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta a bayan babur, ya sa mata sola da batir. Mutum ne mai kirki, sai dai ba ya son a ce bai sani ba.

Shi ya koya wa mutanen ƙauye kawo takardun gona. Takardar da mai gari da shaidu suka sa wa hannu, sai ya ɗauki hotonta ya adana a ciki, yana cewa gara ba ta cin abin da ke cikin inji. Mutane suka yarda, har suka daina kula da ta hannunsu. Wannan abin bai taɓa kwanta mini a rai ba.

Bara injin ya fara nauyi. Da can kafin Labo ya gama shara injin ya tashi, sai ya koma Labo ya kunna, ya sha shayi, ya karya, allon yana ta juyi. Daga baya na fara jin wata ƙara ta bayan kwanon, ƙas, ƙas. Tsoro ya hana Labo kashewa, kwana tara injin na kunne.

Ana haka sai ga Inna Mairo daga Gidan Sori a kan amalanke. Mijinta ya rasu, wani maƙwabci ya ce gonar aro ce aka ba marigayin, ba sayarwa ba. Shaidun cinikin duk sun mutu. Takardar hannunta kuwa ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya cinye rubutun. Jibi za a zauna gaban sarki.

"Malam Labo, hiddo mini tawa," in ji ta.

"Tana nan, Inna. Ki dawo gobe da hantsi."

Bayan ta tafi ya danna hoton, injin ya ce ƙwaƙwalwa ba ta isa ba. Ya danna har sau biyar. Sai ya kira Alhassan, mai gyara a Maradi, ya buɗe muryar wayar. Alhassan ya ce idan ƙwaƙwalwar inji ta cika, yakan ari wuri a cikin diski, inda takardu ke ajiye, ya riƙa aiki, kuma ana iya ƙara masa wurin. Ya faɗa masa inda zai shiga. Can sai ya ce, "Tsaya. Wace ƙara nake ji? Diskin nan mutuwa yake. Kada ka taɓa komai sai ka kwafe takardun a kile."

Labo ya ce to. Ya duba kilensa, ɗan abin nan da ake sokawa a inji a kwashi takardu, ya tarar cike yake da hotunan bikin wani. Kwafewa kuma a wannan nauyin sai ta ci wuni.

Na leƙa na ce, "Ka dai ji abin da ya ce."

"Kai dai zare ka sani. In ya yi sauri, minti biyu na kwahe komi."

Ya shiga, ya ninka lambar wurin aron sau huɗu. Injin ya ce gyaran ba zai kama ba sai an kashe an kunna. Na ga yatsansa ya tsaya. Wallahi ban hana shi ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ya danna.

Allon ya yi baƙi. Ƙas, ƙas, ƙas. Aka kira azahar, aka kira la'asar, bai sauya ba. Da yamma ya ɗaure injin a babur sai Maradi. Alhassan ya buɗe, ya ce babu abin da za a ciro. Labo ya dawo da injin cikin dare.

Da hantsi Inna Mairo ta zo. Labo ya durƙusa ya faɗa mata gaskiya, bai ɓoye komai ba. Ta daɗe tana kallon allon.

"Sake kunna shi, ɗana," in ji ta. "Na riga na tanadi iri."

Labo na nan, ya sayi wani injin, ba ya karɓar takardar gona kuma. Da damina na bi ta Gidan Sori kai ɗinki. Gero ya yi kyau a gonar, ya wuce kaina tsawo. Ba ita ta shuka shi ba.